Tabban fuskar rana sun fara raguwa: me ya shafi mazaunin Kano?

A ranar 15 ga Oktoba 2024 ne hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da takwararta mai lura da yanayi, NOAA, suka sanar cewa rana ta shiga ganiyarta. Ba zafin da muke sha a watan Afrilu suke nufi ba. Suna magana ne a kan baƙaƙen tabban da ke fitowa a fuskar rana, waɗanda kan yawaita, su ragu, su sake yawaita, kusan duk shekara 11. Da aka tattara ƙidaya daga baya, sai ta nuna a wannan watan na Oktoba ne aka kai ƙololuwa. Tun daga nan gangara ake yi. Wani watan adadin ya ɗan ɗaga, wani watan ya faɗi, amma dai ƙasa ya nufa, kuma ana sa ran haka za a tafi har wajejen 2030, lokacin da za a riƙa yin kwana da kwanaki ba a ga tabo ko ɗaya ba.

Sai dai labarin ba a haka yake isowa Kano ba. Kafin ya ratso wayoyi ya iso majalisar ƙofar gida, ya riga ya koma "rana ta fara mutuwa", ko "Turawa sun ce sanyi mai ƙanƙara na tafe". Wani ya haɗa shi da fari da tsadar hatsi. Wanda ya zuba kuɗinsa a sola kuma yana tambaya ko wutarsa za ta ragu. Duk tambayoyi ne na masu hankali, domin rayuwarmu a nan da rana da damina take tafiya. Amma a ganina an ɗora tsoron a inda ba muhallinsa ba. Raguwar tabban ba za ta sanyaya Kano ba, ba kuma za ta rage wutar sola yadda mai gida zai lura ba. Inda take da tasiri na gaske can sama ne, ɗaruruwan kilomita bisa kanmu, hanyar da saƙon rediyo da na GPS ke bi, kuma a wannan fanni Kano na zaune a wani wuri na musamman da ba kowa ya san da shi ba.

Rana ba dunƙulallen abu ba ce mai tauri. Curin iskar gas ce mai tsananin zafi, mafi yawanta haidirojin da hiliyom, faɗinta ya ninka na duniya sau 109. Zafin fuskarta ya kai kimanin digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, kuma daga ciki yake tasowa: iska mai zafi ta hau, ta huce, ta nutse, wata ta maye gurbinta. A wasu wurare ƙarfin maganaɗisu kan taru ya yi kauri, ya ninka na duniyarmu sau dubbai, har ya tare wannan tasowar. Sai wurin ya huce zuwa digiri 3,500 ko 4,000. Shi ke nan tabon. Hasken da ke kewaye da shi ne ke sa a gan shi baƙi, don da za a ciro shi a ajiye shi kaɗai a sararin dare, da ya fi watan sha huɗu haske nesa ba kusa ba. Ƙananan tabbai sukan ɓace cikin kwana ɗaya ko biyu, manya su yi makonni, wani sa'in har watanni. Gungun da ya tayar da ƙura a Mayun 2024, faɗinsa ya isa a jera duniyarmu kusan 15.

Mutane sun daɗe suna ganinsu. Masu duban taurari na fadar sarakunan Sin sun rubuta labarinsu tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, kuma sukan gan su ne idan ƙura ko hazo ya dusashe rana, irin yadda takan yi mana a nan da hunturu idan ta kusa faɗuwa. An ruwaito cewa Ibn Bajja, masanin Andalus na ƙarni na 12, ya ga ɗigo biyu baƙaƙe a fuskar rana. Malaman da suka biyo bayansa sun ɗauka taurarin Zara da Uɗaridu ne suka gitta, amma lissafin zamani ya nuna Zara ba ta gitta gaban rana ba a tsawon rayuwarsa, don haka mafi rinjayen zato tabbai ya gani. Da na'urar hangen nesa ta zo, Thomas Harriot a Ingila ya zana su a 1610, Galileo a Italiya da Christoph Scheiner a Jamus suka biyo baya.

Duk malamin makarantar da ke son nuna wa ɗalibansa zai iya, ba tare da an sa ido a rana ba. A samu madubin hangen nesa mai ido biyu, a rufe ɗaya, a juya faffaɗan bakinsa wajen rana ta hanyar kallon inuwarsa a ƙasa, a riƙe farar takarda a bayansa da tazarar kamu ɗaya. Farin da'ira zai fito a takardar. A murɗa har gefensa ya fito sarai, idan akwai babban tabo za a ga ɗigonsa. A zana inda yake da fensir, a dawo bayan kwana biyu, za a tarar ya matsa, shaidar cewa rana ma juyawa take yi. Kada a bar madubin ya daɗe a rana don zafi na lalata shi, kuma ko kusa kada a bari yaro ya leƙa ta ciki. Baƙin tabarau, ko fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, ko gilashin da aka turara da hayaƙi, babu wanda ke kare ido a cikinsu. Ƙunar da rana ke yi wa cikin ido ba a jin zafinta sai ta gama ɓarna.

Wanda ya gano cewa tabban na da lokacin zuwa da na tafiya ba farfesa ba ne. Heinrich Schwabe mai harhaɗa magunguna ne a garin Dessau na Jamus. A 1826 ya fara duban rana duk ranar da sama ta washe, yana neman wata duniyar da ake zaton tana tsakanin rana da Uɗaridu. Bai same ta ba, don babu ita. Amma saboda kada ya rikita ta da tabo, sai ya riƙa rubuta duk tabon da ya gani. Bayan shekara 17 yana wannan naci, a 1843 ya bayyana cewa yawansu na hawa da sauka kusan duk shekara goma. Rudolf Wolf na Siwizalan ya bi tsofaffin rubuce-rubuce ya gyara lissafin zuwa shekara 11, ya kuma ƙirƙiro hanyar ƙidayar da ake bi har gobe: a ƙirga gungu nawa ne a ninka sau goma, sannan a tara da yawan tabban ɗai-ɗai. Shi ya sa tabo ɗaya tilo ake rubuta shi 11. Zagayen da ya fara a 1755 shi aka lasafta na 1, wanda muke ciki kuwa, da ya fara a Disamban 2019, shi ne na 25. Tun 1981 cibiyar duban taurari ta Beljiyam ce ke tattara ƙidayar daga masu dubawa a ƙasashe da dama, cikinsu har da masu yi don sha'awa. Shekara 11 ɗin ma matsakaici ne, akwai zagayen da ya ƙare a shekara 9, akwai wanda ya kusa 14.

To me ke jawo wannan hawa da sauka? Tunda rana iska ce, ba gaba ɗayanta ke juyawa tare ba. Tsakiyarta na kammala juyi cikin kwana 25, wajen ƙuryarta ta arewa da ta kudu kuwa sai kusan kwana 35. Iskar tata mai caji ce, tana jan layukan maganaɗisu duk inda ta nufa, don haka tsakiyar da ta fi sauri tana naɗe su tana miƙar da su. Kamar igiyar guga ce da aka yi ta murɗawa: tun tana miƙe har ta fara ƙudundunewa tana fitar da ƙulli. Idan ƙullin ya ɓullo ta fuskar rana, inda ya fito da inda ya koma su ne tabbai biyu, shi ya sa sukan zo biyu-biyu. George Ellery Hale ne ya tabbatar a 1908 cewa tabban maganaɗisu ne. A farkon zagaye suna fitowa nesa da tsakiyar rana, wajen digiri 30 arewa da kudu, sannan sababbin da ke biyowa su riƙa matsowa tsakiya shekara bayan shekara. Wajen ganiya maganaɗisun rana gaba ɗaya yakan kife, arewa ta koma kudu. Sai an yi zagaye biyu, shekara 22, kafin ya dawo yadda yake.

Akwai raguwa iri biyu, kuma cakuɗa su ne ke haifar da ruɗani. Ta farko ita ce wadda muke ciki, gangarar da ke bin kowace ganiya, wadda aka gani sau 24 a baya. Ta biyu ita ce ta dogon lokaci, wato shi kansa ƙarfin ganiyar ya riƙa raguwa daga zagaye zuwa zagaye. Wannan ma ta faru, ba ƙage ba ne. Zagaye na 19, da ya kai ƙololuwa a 1958, matsakaicin ƙidayar tabbansa ya kai 285, ba a taɓa rubuta irinsa ba. Na 21 a 1979 ya tsaya a 233, na 22 a 1989 ya yi 212, na 23 a 2001 ya yi 180, sai na 24 a 2014 ya faɗo 116, mafi rauni cikin shekara 100. A 2008 an yi fiye da kwana 260 fuskar rana fes, a 2019 fiye da kwana 270. Duk wanda ya ga wannan jeri dole ya tambaya ko ina aka nufa.

Abin da ya ƙara wa tambayar nauyi shi ne tarihi. Daga 1645 zuwa 1715 tabban sun kusa ɓacewa ƙwata-ƙwata, alhali akwai ƙwararrun masu dubawa a Faris da sauran biranen Turai. Ana kiran wannan lokaci da sunan Maunder, don tunawa da Walter Maunder da matarsa Annie da suka bincike shi, kuma masanin taurari Ba'amurke John Eddy ne ya sake tono maganar a 1976. Shaidar ba ta tsaya a rubutun mutane ba. Idan rana ta lafa, ƙwayoyin da ke zuwa daga can cikin sararin samaniya sun fi samun hanyar shigowa iskarmu, suna haifar da wani nau'in kabon da ke shiga jikin itace, don haka zoben cikin tsofaffin itatuwa ya adana labarin. Shekarun sun dace da lokacin da Turai ta sha matsanancin sanyi, har Kogin Tems na Landan kan daskare a ci kasuwa a kansa. A 2011 wasu masana a Amurka sun yi hasashen cewa tabban na iya ɗaukewa, a 2015 kuma wata masaniya a Birtaniya, Valentina Zharkova, ta gabatar da lissafin da ke cewa rana za ta lafa sosai a shekarun 2030. Jaridu suka ɗauka suka ƙara gishiri, daga nan ne maganar zamanin ƙanƙara ta bazu, har yau kuma ba ta daina yawo ba.

Sai rana ta ba kowa mamaki. Kwamitin masana da NASA da NOAA suka haɗa ya yi hasashe a 2019 cewa zagaye na 25 zai tsaya wajen 115, a Yulin 2025. Ya zo da wuri, ya kuma kai kusan 160 a matsakaicin lissafi na watanni da dama, har a Agustan 2024 adadin wannan wata shi kaɗai ya haura 200. Jerin raguwar da aka faro tun 1979 ya katse. Wannan bai nuna ba za a sake ganin irin lokacin Maunder ba, an yi shi sau da dama cikin dubban shekaru kuma zai sake zuwa wata rana. Abin da ya nuna shi ne babu wanda ya iya hango shi daga nesa, kuma duk mai faɗin shekarar da zai fara ya wuce iyakar abin da ilimin ya tabbatar.

Ko da ya zo ɗin, sanyin nawa zai kawo? Tun 1978 taurarin ɗan'adam ke auna hasken rana daga sama da iska. Kowane murabba'in mita yana samun kimanin wat 1,361, kuma bambancin ganiya da lafawa bai wuce kashi 0.1 cikin 100 ba, wato wat ɗaya da 'yan kai. Lokacin da tabbai suka fi yawa ne ma rana ta fi haske, saboda fararen wuraren da ke kewaye da su sun rinjayi duhunsu. Masu bincike a cibiyar nazarin yanayi ta Potsdam a Jamus sun lissafa a 2010 cewa ko da irin lokacin Maunder ya dawo a wannan ƙarni, abin da zai rage a zafin duniya bai wuce digiri 0.3 ba, alhali hayaƙin man fetur da kwal da gas ya riga ya ɗaga shi fiye da digiri 1. Sanyin Turai na wancan zamani ma ya fara tun kafin 1645, ya kuma zarce bayan 1715, kuma duwatsu masu aman wuta na da babban hannu a ciki. Shekarar 1816 da aka rasa bazara a Turai da Amurka ta biyo bayan fashewar dutsen Tambora ne a Indunusiya a 1815. Daskarewar Tems kuwa har da laifin tsohuwar gadar Landan mai ƙananan ƙofofi da ke rage gudun ruwa, tun da aka rushe ta a shekarun 1830 kogin bai sake daskarewa a wurin ba. Mu kanmu shaida ne: daga 1980 zuwa 2020 ƙarfin rana sauka yake yi, zafin duniya kuma hawa. Shekarar 2020, da fuskar rana ta kusa zama fes, tana cikin mafiya zafi da aka taɓa aunawa. Mazaunin Kurna ko Dorayi da ke kwana a tsakar gida a watan Afrilu kada ya sa ran sauƙi daga wannan ɓangaren. Itatuwan da aka sare da filayen da aka cike da siminti sun fi tabon rana tasiri a kan zafin unguwarsa.

Maganar damina ta fi ɗaukar hankalina, domin a nan ne jita-jita ke iya cutar da talaka. Haɗa tabon rana da farashin hatsi tsohon zance ne, William Herschel ya gwada shi da farashin alkama a Ingila tun 1801, kuma bai tsaya da ƙafarsa ba. Mai neman hujja a tarihinmu zai samu abin kamawa. A 1913 an yi fiye da kwana 300 babu tabo, kuma a wannan shekarar ce damina ta gaza, aka shiga yunwar da aka kira Kakalaba a ƙasar Kano. Farin 1973 da na 1984 duk sun zo ne rana na gangara. Amma 2003 da 2018 ma gangara ake yi, aka samu ruwa har da ambaliya. Shekarun 1950 sun haɗa lafawar 1954 da ganiya mafi ƙarfi a tarihi, kuma duk tsawonsu yankin Sahel cikin ni'imar ruwa yake. A 2020 rana na kwance ruwa ya cinye gonakin shinkafa a Kebbi da Jigawa, a Satumban 2024 tana ganiya madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Babu tsarin da za a dogara da shi. Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne daminarmu na bin zafin ruwan Tekun Atlantika da na Indiya da na Fasifik, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen farin shekarun 1970 da 1980. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara ya fi kowane labarin tabo amfani ga manomi. Ɗan kasuwar Dawanau da zai ɓoye hatsi don ya ji rana za ta huce, a kan iska ya gina cinikinsa, kuma masu awo da kwano ne za su ji a jikinsu.

Na sola ma lissafinsa a fili yake. Farantin da ke ba da wat 500, kashi 0.1 cikin 100 nasa rabin wat ne. Hau rufin kowane gida a watan Janairu ka ja yatsa a kan farantin, za ka ga layi ya fito a cikin jar ƙura, yatsan kuma ya yi buɗu-buɗu. Wannan ƙurar ta fi raguwar tabbai cin wuta sau ɗari ko fiye. Zafi ma na ci: duk digiri ɗaya da farantin ya haura 25 yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100, kuma farantin da ke kan kwano da azahar a Afrilu yakan wuce digiri 60. Shi ya sa mai haɗa sola na kirki zai ce, "Alhaji, a sa yaro ya riƙa wanke shi da sassafe kafin ya ɗau zafi, kuma a bar masa sarari iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinsa." Haka abin yake ga shagunan Sabon Gari, haka yake ga tashar megawat 10 da aka buɗe a Challawa a 2023.

Inda tabbai ke da iko shi ne saman iskarmu. Hasken da ido ke gani kusan bai canzawa, amma wani nau'in haske mai ƙarfi da ido ba ya gani yana ninkuwa tsakanin lafawa da ganiya. Shi ne ke bugun siririyar iskar da ke tsakanin kilomita 60 zuwa 1,000 a sama ya sa mata caji. Wannan shimfiɗa ita ake kira ayonosfiya. Duk tsohon mai sauraron gajeren zango ya san halinta ko da bai san sunanta ba. Muryar da ke fitowa daga rediyon mai shayi da asuba ta taso ne daga tasha mai nisan dubban kilomita, irin ta BBC da ke tsibirin Asenshon a tsakiyar Atlantika, ta hau sama, ayonosfiya ta dawo da ita ƙasa. Idan rana na ganiya shimfiɗar ta yi kauri, mita 13 da mita 16 su fito tangaram. Idan ta lafa, saƙon waɗannan mitoci yakan huda ya wuce sarari, sai tashoshi su karkata zuwa mita 25 da 31 da 41. Wanda ya ga tashar da ya saba kamawa ta fara shashasha a shekaru masu zuwa, ba lallai rediyonsa ce ta tsufa ba. Sashen Hausa na BBC ya fara ne a 1957, daidai lokacin da rana ke kan ganiya mafi ƙarfi da aka taɓa rubutawa, kakanninmu sun fara sauraro a shekarun da sama ta fi kowane lokaci ɗaukar murya.

Ga kuma inda Kano ta fita daban. Layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu bai bi ta ikwaitar taswira ba. A Afirka ta Yamma ya karkato arewa, ya ratsa arewacin Najeriya ba nesa da mu ba. A bisa wannan layi, kimanin kilomita 100 a sama, akwai wutar lantarki da ke gudana gabas kullum da rana. Bayan faɗuwar rana kuma, ayonosfiyar wannan yanki kan yamutse, ta yi manyan gurabu marasa caji da ke tashi sama suna bazuwa arewa da kudu. Saƙon taurarin GPS, da ke tahowa daga nisan kilomita 20,200, idan ya ratsa su sai ya riƙa rawa, wani sa'in ya yanke. Abin ya fi tsanani daga bayan magariba zuwa tsakar dare, a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, kuma a shekarun ganiya. Mai duba taswira a waya bai cika damuwa da kuskuren 'yan mitoci ba. Safiyon da ke auna iyakar fuloti, inda taku ɗaya ke iya kai maƙwabta kotu, da matuƙin jirgin da ke dosar filin Malam Aminu Kano, su abin ya fi shafa. A gare su raguwar tabbai albishir ce, dare zai fi natsuwa. Taurarin ɗan'adam na ƙasa-ƙasa ma za su huta, don iskar sama kan kumbura lokacin da rana ke tashe ta riƙa jan su. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar 38 cikin taurarin Starlink 49 da ya harba, sakamakon wata 'yar guguwar maganaɗisu daga rana da ba ta kai ta kawo ba.

Amma kada a ɗauka gangara na nufin an tsira. Maganaɗisun da ya ƙudundune a kan babban tabo kan tsinke ya yi walƙiya, haskenta ya iso cikin minti 8 ya ɗauke gajeren zango a duk ɓangaren duniyar da ke cikin rana. Wani sa'in kuma ya watso biliyoyin tan na iska mai caji, ta iso cikin kwana ɗaya zuwa uku ta girgiza maganaɗisun duniya. Guguwar da ta biyo walƙiyar da masanin taurari na Ingila Richard Carrington ya gani a 1 ga Satumba 1859 ta sa wayoyin tangaraho tartsatsi. Ta 13 ga Maris 1989 ta jefa mutum miliyan 6 cikin duhu na awa 9 a lardin Kubek na Kanada. Kuma da dama daga cikin manyan sun zo ne bayan ganiya ta wuce. Guguwar ƙarshen Oktoban 2003 ta zo kusan shekara biyu bayan ƙololuwar zagaye na 23, ta ɗauke wuta a birnin Malmo na Siwidin, ta kuma lalata manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu, ƙasar da a da ake ganin ta yi nisa da irin wannan haɗari. Walƙiya mafi ƙarfi ta zagaye na 24 ta faru ne a 6 ga Satumba 2017, fiye da shekara uku bayan ganiya. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa wutar da ke gudana bisa layin maganaɗisu, irin wadda ke saman arewacinmu, tana ƙara ƙarfin girgizar da ke isowa ƙasa, don haka dogayen layukan wuta na yankuna irin namu ba su kuɓuta ba.

A nan ma sai an yi hattara da ɗora wa rana laifin da ba nata ba. Duhun da arewa ta shiga na fiye da mako guda a ƙarshen Oktoban 2024 ya faɗo a watan ganiya daidai, amma sanadinsa a ƙasa yake: layin Shiroro zuwa Kaduna da ɓata-gari suka lalata, da na Ugwuaji zuwa Apir da ya samu matsala. Abin da ke damuna shi ne ranar da guguwar gaske za ta taɓa taransifomominmu, da wuya a iya bambancewa, domin sai da awo ake ganewa. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tana da cibiyar binciken iska a Anyigba ta jihar Kogi, kuma jami'ar Kyushu ta Japan ta kafa na'urorin auna maganaɗisu a Legas da Ilori da Abuja. Kano ta fi waɗannan biranen kusa da gefen arewa na layin. Na'urar auna maganaɗisu da ta karɓar saƙon GPS don bincike ba su fi ƙarfin sashen kimiyyar lissafi da fiziks na Jami'ar Bayero ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ba, abin da suke buƙata shi ne wuta marar yankewa da wanda zai kula da su shekara da shekaru. Bayanan da aka tara ba yankewa daga wannan wuri, masana a ko'ina cikin duniya za su neme su, ɗalibanmu kuma su yi digiri a kan samaniyar garinsu. Shekarun lafawa ne ma suka fi dacewa a fara, don a san yadda sama take idan tana kwance kafin ta sake tashi.

Game da zagaye na 26, hanyar hasashen da ta fi cin jarrabawa zuwa yanzu ita ce auna ƙarfin maganaɗisu a ƙuryar arewa da ta kudu na rana lokacin da ta lafa, domin daga shi ne tabban zagaye na gaba ke samuwa. Cibiyar Wilcox ta jami'ar Stanford a Amurka ta fara wannan awo tun 1976. Maganaɗisun ya kife ne a ganiyar da ta wuce, yanzu yake sake taruwa daga ragowar tabban da ke watsewa, kuma ba zai nuna iyakar ƙarfinsa ba sai 'yan shekaru kafin 2030. Alamar farko da masu dubawa za su gani ita ce ƙananan tabbai can nesa da tsakiyar rana, maganaɗisunsu a juye, suna fitowa tun tsofaffin na zagaye na 25 ba su gama ɓacewa ba.